Zafin Yola, Hadarin Gabas da Mas'alar Sababi

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a Yola da Jimeta, har mutane su koma kwana a tsakar gida suna duban gabas ko hadari zai haɗo, wata tsohuwar mas'ala ta ilimin tauhidi takan dawo bakin jama'a, wato ko ya halatta ɗan Adam ya ce ga lokacin da ruwa zai sauka, ga kuma dalilin saukarsa. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma ba a rasa mai amsa mata da cewa sanin gaibu sai Allah. Maganar gaskiya ce, sai dai malamai ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san haƙiƙarsa, don haka wajibi ne a fara fahimtar abin da masana yanayi suke da'awa kafin a ɗora shi a kan ma'aunin aƙida.

Tushen motsin iska zafin rana ne, amma rana ba ta ɗumama iska kai tsaye sai kaɗan; haskenta yakan ratsa sararin samaniya ya sauka a ƙasa, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan ta miƙa shi ga iskar da take shafarta. Iskar da ta yi zafi takan buɗe ta yi sauƙi ta tashi sama, sai matsi ya ragu a wurin, wato nauyin iskar da ke danne ƙasa ya yi ƙasa, iskar gefe mai nauyi ta kwararo ta cike gurbin, kuma wannan kwararowa ce ake ji a jiki a ce iska tana kaɗawa. Ƙaramin misalinsa guguwar da take tasowa a fili da tsakar ranar bazara tana murɗa ƙura da karmami da leda zuwa sama, wadda ba a ganinta da asuba domin ƙasa ba ta gasu ba tukuna. Iska kuma tana ƙara sanyi gwargwadon hawanta, kimanin digiri 6 da rabi a kowace kilomita, shi ya sa Yola, da take kwance a kwarin Binuwai kimanin mita 200 sama da doron teku, take dahuwa a ranar da mutanen Gembu a tsaunin Mambila suke neman rigar sanyi da yamma.

Irin wannan aiki ne hamadar Sahara take yi wa Afirka ta Yamma baki ɗaya. Iska iri biyu ce take karɓa-karɓa a kan Adamawa: busasshiya daga arewa maso gabas, da mai danshi daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, kuma layin da suke haɗuwa yana hawa arewa yana sauka kudu yana bin sawun rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu layin yana kudu da Yola, sai hunturu ya ci kasuwarsa. Iskar takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi a ƙasar Cadi, ta kwaso ƙurar kwarin Bodele, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, ta shimfiɗa ta a matsayin hazon da yake ɓoye ƙetaren kogi ga wanda yake tsaye a gadar Jimeta. Idan rana ta karkato arewa Sahara ta gasu, sai matsi ya faɗi a can, ya janyo iskar teku, wadda ita ce manoma suke kira iskar bazara, mai zuwa da gumi kafin ta zo da ruwa.

A nan akwai abin lura wanda kowane manomi na Girei ko Fufore ya sani da ido, ko da bai san dalilinsa ba: danshi daga kudu maso yamma yake shigowa, amma hadari daga gabas yake haɗowa. Dalili shi ne iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya, alhali a sama da ita, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da take gudu daga gabas zuwa yamma, ita take kora giragizan da suka yi toroƙo. Ƙarfin da yake gina girgijen kuwa zafi ne ɓoyayye a cikin tururi. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kai, wanda shi ne sirrin sanyin ruwan randa, da yake naso yana tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafin. Idan tururin ya hau sama ya sake zama ɗigon ruwa, sai ya saki wannan zafi, iskar da ke cikin girgijen ta ƙara sauƙi ta ƙara hawa. Iskar nan mai sanyi da ƙura da take riga ruwa isowa, tana kaɗa ƙofofi mata suna gudun kwashe shanya, daga cikin girgijen take faɗowa, bayan ruwan da ya fara zuba ya sanyaya ta.

Alƙur'ani bai ɓoye wannan tsari ba. Aya ta 48 ta Suratur Rum da ta 57 ta Suratul A'araf sun jingina aiko da iska ga Allah, sannan suka ambaci iskar a matsayin mai tayar da girgije da ɗaukarsa, har Allah Ya kora shi zuwa mataccen gari, aya ta 164 ta Suratul Baƙara kuma ta lissafa jujjuya iskoki cikin ayoyi ga masu hankali. Abin da masu ƙin hasashe suke kafa hujja da shi biyu ne: aya ta 34 ta Suratu Luƙman, wadda ta ambaci saukar da ruwa cikin abubuwa biyar da aka fassara da mabuɗan gaibu, da hadisin Zaidu bn Khalid da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, inda aka yi ruwa da dare a Hudaibiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya jingina ruwan ga tauraro ya kafirce wa Ubangijinsa. Imamu Shafi'i ya bambance tsakanin mai ƙudurta cewa tauraron ne ya yi ruwan da mai nufin cewa lokacin tauraron ne lokacin ruwa, ya ce na biyun bai kafirta ba, kuma a kan wannan bambanci ne malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna lissafa wa manoma taurarin damina ba tare da sun ga laifi ba.

Wanda ya fi warware mas'alar ga ɗaliban wannan yanki shi ne Muhammad bn Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahin da Fulani suka daɗe suna karantar da ma'anarsa da Fulatanci da sunan Kabbe. Ya raba hukunci uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya bayyana na al'ada da cewa alaƙa ce tsakanin abu biyu da aka sani ta hanyar maimaituwa, wadda za ta iya saɓawa, kuma ba ɗayansu ne yake halittar ɗayan ba. Alaƙar iskar bazara da ruwa irin wannan ce. Wanda ya ce iskar ce take yin ruwa da ɗabi'arta ya fita daga tauhidi, wanda ya ce babu alaƙa kwata-kwata kuma ya musanta abin da Allah Ya gudanar a gaban idonsa shekara da shekaru.

Ilimin yanayi da kansa yana ƙarfafa wannan matsayi. Rana takan tsaya tsaye a kan Yola sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, amma na farko tsananin zafi ne, na biyu kuwa lumshi ne da marka, domin girgije ya tare haske, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma tana kashe zafin wajen yin tururi. Ke nan sababi guda ba ya cin gashin kansa, sai sharuɗɗa sun taru. Edward Lorenz, masanin yanayi ɗan Amurka, ya nuna a 1963 cewa ɗan kuskure a awon farko yakan girma har ya rushe lissafi, shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kimanin mako biyu. Abin da masana suke bayarwa zato ne mai rinjaye da aka gina a kan alamomin da suka riga suka bayyana, shi kuwa gaibun da aya ta keɓe wa Allah sani ne na yaƙini, ga lokaci ga wuri ga adadin ɗigo. Saboda haka sallar roƙon ruwa, da raka'o'inta biyu da juya mayafi kamar yadda littafin Risala ya tsara, ba ta rasa gurbinta, domin addu'a ma sababi ce, kuma ana miƙa ta ne ga Wanda yake riƙe da sauran sababai.

Amfanin wannan bayani ya fi fitowa a bakin kogi. Madatsar Lagdo, da aka kammala a kan Binuwai a arewacin Kamaru a 1982, takan cika idan damina ta yi nauyi, kuma ruwan da aka saki a 2012 da 2022 ya ci gonaki da gidaje daga Fufore zuwa Yola da Demsa da Numan. Ruwan da ya riga ya zuba ya taru a bayan madatsa ba gaibu ba ne, abu ne da ake aunawa. Kauce wa haɗarin da aka sani kuma ba saɓa wa ƙaddara ba ne: Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga wani wuri da ake kira Sarg da ya ji labarin annoba a Sham, ya kuma amsa wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Don haka magidancin da ya ji gargaɗi ya bar iyalinsa a fadama da sunan tawakkali ya yi sakaci da amanar da ke wuyansa, kuma ya kamata limaman Juma'a na Yola da Jimeta su riƙa karanta sanarwar ambaliya da ta tsananin zafi a bayan salla, da Hausa da Fulatanci, tun kafin ruwan ya iso.