Waya tana kai karatu, amma tarbiyya sai a gaban shehu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da wuya yau a sami zawiya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da matasanta ba su da zaure a WhatsApp. A nan ake sanar da zikirin Juma'a, a tura karatun Ahalari ko Risala da malam ya yi bayan Magariba, har ɗan'uwan da ya tafi ci-rani Aljeriya ya saurara. Wannan ni'ima ce. Magabata ma sun karantar daga nesa: Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, ya riƙa aika wasiƙu ga almajiransa, haka Shehu Ibrahim Inyas daga Kaulaha, har aka tara nasa a Jawahirur Rasa'il.

Sai dai waɗannan wasiƙu an san wanda ya rubuta su, an san wanda aka aika wa. Saƙon da ke yawo a waya kuwa sau da yawa ba shi da uba. Yaro zai ga an tura wuridi da alƙawarin falala mai yawa, ya kama ja ba izini. Ko ya haddace Jauharatul Kamali daga bidiyo, babu wanda ya gaya masa cewa ba a karanta ta sai da tsarkin ruwa a wuri mai tsarki, mai taimama kuwa Salatul Fatihi 20 yake yi a madadinta cikin wazifa. Muƙaddami ne ke sanar da murid irin wannan sharaɗi, domin shi ke ganin alwalarsa da zamansa da halinsa.

Akwai kuma ɓarnar jayayya. A yanko rabin maganar wani malami a watsa, matasa su kwana suna zage-zage da sunan kare ɗariƙa, da asuba lazimi ya kuɓuce musu. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da bincike kafin a karɓi labarin fasiƙi, aya ta 12 ta hana gulma, kuma yatsan da ke latsa waya yana ƙarƙashin wannan hukunci.

Saboda haka ya kamata kowane zaure ya zama da malami mai izini da ke duba abin da ake turawa. Matashi ya tambayi asalin saƙo kafin ya yaɗa shi, abin da ya shige masa duhu ya kai shi gaban malam. In an shimfiɗa farin ƙyalle don wazifa, waya ta koma aljihu a kashe.

Allah Ya shiryi matasa, Ya ba su ilimi mai amfani da ladabi, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.