Na'urar da Ta Kwana a Daji

An yi wani tsohon dillalin shanu a Maigatari wanda duk ranar Alhamis fataken Damagaram da masu saye daga Kudu ba sa ƙulla ciniki sai ya sa baki. Ban da dillanci yana da nasa garken, da ke kiwo tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa.

Da ɗan ƙanwarsa ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai ya dawo gida da wasu ƙananan na'urori da ake rataya wa saniya a wuya. Kowace tana gane inda saniyar take, amma ƙarfinta bai kai ta aika nesa ba. Sai ta miƙa wa ta kusa, wannan ta miƙa wa ta gaba, har labari ya isa babbar da ke rugar makiyayi, daga nan ya faɗo wayar mai garke.

Tsoho ya gama saurare, ya ce, "Wato wanda ya tsaya a tsakiyar hanya zai san inda shanuna ke kwana? Yaro, ai ka yi wa ɓarayi jagora."

"Kawu, a kulle saƙon yake tafiya, mai miƙawa ba ta iya karanta shi. Kuma kowace tana kasa kunne ga maƙwabciyarta. In ta ba ta saƙo ta ji ta tura, sai ta ƙara mata maki. In ta haɗiye ko ta sauya, sai ta rage mata. Wadda makinta ya faɗi, an daina bi ta kanta ke nan."

"Ashe dillanci ne," in ji tsoho. "To ka gaya musu kada su karɓi shaidar baki ɗaya, don na ga dillalin da hassada ta kayar. Kuma su fi duba halin jiya a kan na bara. Akwai mai riƙe maka amanar akuya shekara guda don ya gudu da bijimi."

Yaro ya yi dariya, don abin da ya sha wahalar haddacewa a aji ke nan.

Can cikin damina sai na'ura ɗaya ta ɓace a daji. Bayan 'yan kwanaki wani baƙo ya kawo wa makiyayi ita, ya ce tsintar ta ya yi. Ita ce kuwa mafi yawan maki a garken, ga shi kaya ne mai tsada, don haka yaro ya so a mayar da ita yadda take.

"A hannun wa ta kwana?" in ji Kawu. Yaro ya rasa amsa. "To a mayar da ita baƙuwa."

Ba da son ransa ba ya goge mata maki. Ana rataya ta sai ta fara shelanta wa sauran cewa hanyarta ce mafi kusa zuwa ruga, tana kuma kai ƙarar maƙwabtanta wai ba sa tura saƙo. Da a ce da tsohon makinta ta dawo, da labarin garken kaf ya bi ta hannunta. Amma saƙo kaɗan aka gwada ta da shi, ba ta tura ko ɗaya ba, shaidar sauran kuma ta rinjayi tata. Kafin magariba sun yanke ta.

Da aka kai ta wurin mai gyaran waya a Gumel, sai aka ga an taɓa buɗe ta. A daren yaro ya sauya makullan garken duka, tun da wanda ya buɗe na'ura yana iya zare makullinta, makiyayi kuma ya sauya makwanci. Tun daga ranar, duk na'urar da ta kwana a waje sai ta yi wata guda ana gwada ta kafin a ba ta saƙon gaske.