Jiƙaƙƙen Hatsi a Ƙarƙashin Tsibi: Darasin Amana Daga Arlit da Akokan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Masanin fili da ɓoye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da dukkan waliyyanSa.

Bayan haka, ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa wata rana Manzon Allah (S.A.W) ya wuce ta wajen wani mai sayar da abinci wanda ya tsibe kayansa. Sai ya cusa hannunsa mai albarka a cikin tsibin, yatsunsa suka ji danshi. Da ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (S.A.W) ya tuhume shi a kan me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga kansa. Ruwan sama dai na Allah ne, ba a kama mutumin da laifinsa ba. Abin da aka kama shi da shi guda ne: ya san aibin, mai saye bai sani ba, ya kuma yi shiru.

Wanda yake son ganin irin wannan tsibi a wannan zamani, to ya dubi Arlit, can arewacin Agadas, gefen duwatsun Abzin. Yuraniyom ne ya haifi garin. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a ramin ƙarƙashin ƙasa na Akouta a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. A da, babban mai hannun jari a cikinsu shi ne kamfanin Faransa da aka sani da Areva, wanda ya koma Orano a 2018. Buzaye da Hausawa da Zabarmawa da Fulani suka taru neman halali, aka gina masallatai da zawiyoyi, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya.

Sai dai wannan ma'adini yana da wata siffa da hatsi ba shi da ita. Tururin gubar da yake fitarwa ba shi da launi, ba shi da wari. Makiyayin da ya shayar da raƙuminsa ba zai gane shi ba, haka uwar da ta ɗora tukunya. Mai na'urar awo kaɗai ke iya sani. Saboda haka lafiyar gari gaba ɗaya tana rataye a wuyan waɗanda suke riƙe da na'ura da takardun sakamako.

A ƙarshen 2003 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, ta zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man, wadda Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAIR, yake jagoranta. A Nuwamba 2009 kuma ƙungiyar Greenpeace ta zo da nata kayan awon. Rahotonta na 2010 ya ce a wani wuri a titunan Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun ma'adini, tururin ya kai kusan ninki 500 na yadda aka saba. Ya ce a cikin samfurin ruwa 5 da aka ɗiba a yankin Arlit, 4 sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita. An kuma samu tsofaffin ƙarafa masu gubar a kasuwa, irin waɗanda talaka ke saye ya yi rufi ko kayan gida. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'idojin duniya, ya kuma sa aka kwashe wuraren da aka nuna. Amma sai da baƙi suka cusa hannu a cikin tsibin kafin a ɗaga jiƙaƙƙen sama, alhali yara sun yi shekaru suna wasa a kan titunan nan.

Rufa-rufar ba ta tsaya ga Turawa ba. A Fabrairun 2017 jaridar Le Courrier ta Yamai ta wallafa takardun da suka nuna cewa a 2011 kuɗi kusan dala miliyan 320, wato wajen biliyan 200 na sefa, sun fita daga asusun SOPAMIN, kamfanin ma'adinai na gwamnati, zuwa wani asusu a Dubai, a cikin wani cinikin yuraniyom da ya haɗa Areva da wasu kamfanoni na Rasha da Labanon. Majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ce bai ga laifi ba, 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula kuwa ba su gamsu ba. Hukuncin zukata na Allah ne. Abin da yake fili shi ne, an yi ciniki mai wannan girma da sunan dukiyar jama'a, jama'ar ba su ji labari ba sai bayan shekara biyar, shi ma daga bakin jarida.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ya bar tarin dattin ma'adini kimanin tan miliyan 20 a kusa da Akokan. Kamfanin ya yi alkawarin rufe shi da laka da duwatsu. A nan akwai izina ga mai lazimi, wanda safe da yamma yake buɗe wuridinsa da istigfari ɗari. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: barin laifi, da nadama, da ƙudurin rashin komawa. Idan laifin ya shafi haƙƙin bawa, sai a ƙara na huɗu, wato mayar da haƙƙin ga mai shi. Rufe ƙofar ma'aikata barin aiki ne kawai. Haƙƙin tsohon lebura mai tari, da na rijiyar da ta gurɓace, yana nan har sai an biya shi, ko a nan ko a gaban Allah.

A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna. To amma amanar da Suratul Ahzab ta ba da labarin cewa sammai da ƙasa da duwatsu sun ji tsoron ɗaukarta, ba ta sauƙaƙa don mai ɗauka ɗan ƙasa ne. Yanzu na'urar awo da littafin kuɗi suna hannun masu salla, wasu ma masu zaman wazifa ne. Idan aka sake ɓoye jiƙaƙƙe, babu baƙon da za a ɗora wa.

Babbar badaƙala ba ta yiwuwa sai da ƙananan hannaye. Akwai mai awon da ya ga lamba ya rubuta wata, da akawun da ya buga hatimi bai karanta ba, da ma'aikacin asibitin da ya sauya wa ciwo suna, da direban da ya fitar da ƙarfe ta bayan gida ya kai kasuwa. Kowannensu yana cewa ni ƙaramin ma'aikaci ne, umarni aka ba ni. Muridin gaskiya ba shi da wannan mafaka, domin abin da shehunnai ke tarbiyya a kansa shi ne muraƙaba: bawa ya san Allah Yana kallonsa a ofis kamar yadda Yake kallonsa a da'irar zikirin Juma'a. Harshen da ya yi hailala da la'asar, bai kamata da safe ya karanto sakamakon ƙarya ba.

Wannan ya fi shafar ɗaliban ilimi daga cikin 'yan'uwa, masu karatun kimiyyar ƙasa da likitanci da lissafin kuɗi a jami'o'in Yamai da Agadas da Maraɗi da sauransu. Gobe su za a miƙa wa na'urar. Faɗin gaskiyar awo yana iya jawo rasa ƙarin girma, ko ma rasa aikin dungurungum, kuma mai iyali ya san nauyin wannan. Sai dai arziki na hannun Allah, kuma albashin da aka saya da shiru a kan cutar jama'a, shi ne zai zama tuwon 'ya'yan mai shi. Wanda ya ga aibi ya rubuta shi yadda yake, ya kai wa na sama da shi cikin ladabi. Idan aka ƙi ji, to aƙalla kada ya sa hannunsa a kan ƙarya.

Allah Ya ba marasa lafiyar Arlit da Akokan sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya shiryi shugabanni su riƙe amana. Ya sa ɓoyen 'yan'uwa ya fi filinsu kyau, albarkacin Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.