Ma'aikacin da ake ɗaure wa ƙafa

Mai kunun zaki da ta zuba garin tsiro ko niƙaƙƙen ɗanyen dankali a cikin gasara ta san kunun zai saki, ya yi zaƙi. Mai wannan aiki wani sinadari ne da ake kira amilas, ɗaya daga cikin dangin enzayim, wanda ke daddatsa sitaci ya mai da shi sukari. Abin mamaki, aikin ba ya cinye shi. Ya gama da wannan, ya koma kan wancan. Sai dai a narke yake cikin kunun, don haka da shi ake shanyewa.

A gida wannan ba komai ba ne, tsiro ba ya tsada. A masana'anta kuwa asara ce babba, domin tace enzayim kuɗi ne. Dabarar da aka samo ita ce a ɗaure su da junansu har su zama gudajin da ruwa ba ya narkarwa. Igiyar da aka fi amfani da ita sunanta gulutaraldihaid, mai hannu biyu: kowane hannu ya cafki wani sashe na furotin da ake kira laisin, wannan a jikin enzayim ɗaya, wancan a jikin maƙwabcinsa. Wasu masu bincike biyu, Quiocho da Richards, sun gwada haka a Jami'ar Yale a 1964, gudajin ya ƙi narkewa, aikin kuma bai tsaya ba. Daga shekarun 1970 aka riƙa cika dogayen bututu da irin wannan gudaji a Amurka, ruwan sukarin masara yana ratsawa wata da watanni, yana fitowa da ƙarin zaƙi.

Inda gizo ke saƙa shi ne gwargwado. Enzayim sai ya ɗan motsa, ya buɗe ya rufe, kafin ya kama abin da zai sarrafa. In igiya ta yi yawa, ya sandare, yana nan daram amma ba ya tsinana komai. In ta yi kaɗan, ruwa ya kwashe shi sannu a hankali. In gudajin ya cika girma, na tsakiya su zauna zaman banza, don abin sarrafawar ba ya isa gare su. A ganina masu wannan sana'a sun fi yawancin masu gida fahimtar ma'aikaci: sun yarda tun farko cewa kowane ɗauri yana rage kuzari, sai su auna ko ƙarkon da za a samu ya biya ragin, kuma awon da ya yi wa wannan enzayim daidai ba lallai ya yi wa wancan ba.