Katsina zuwa Maraɗi, ta Daddara

Tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Maraɗi, a miƙe, kusan kilomita 80 ne. Da jirgi zai tashi nan ya sauka can, minti 20 ya ishe shi. Kafin ya gama ɗagawa, lokacin sauka ya yi. Sai dai babu jirgin fasinja da ke wannan jigila. Wanda ya nace sai ta sama, dole ya zagaya har Yamai, sannan ya komo gabas, tafiyar da a mota ta haura kilomita 600. Shi ya sa kowa ƙasa yake bi, ta Daddara.

Tsaya bakin titin Daddara ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya ke ci. Ga ƙananan motoci maƙare da mutane, but a buɗe, an ɗaure buhunan gero da igiya. Dubi gaban direba: tun daga tasha ya yi canji, ya jera ƙananan kuɗi kusa da sitiyari, don ya san shingayen da ke gabansa. Ka tambaye shi, "Direba, yaushe za mu isa Magama, bakin iyaka?" Zai ce maka, "Alhaji, sai yadda hanya ta yi." Gaskiya ya faɗa. Kwalta ba ta ƙaru da taku ɗaya ba, tsaye-tsaye ne ke cin lokaci, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa ba mai son magariba ta riske shi a hanya.

Wani lokacin ma hanyar ɗungurungum ake toshewa. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta har Maris ɗin 2024. Abin da ke ci mini rai shi ne su wa aka raba. Katsinawan da suka bar gida bayan jihadi su suka kafa sarautar Maraɗi, har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkinta. Iyaka na rufe, a yi rasuwa da asuba a Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, a aiko wa ɗan'uwa a Daddara. Mu kuwa ba ma ajiye gawa. Kafin ya samu ɗan acaɓan da zai ratsa daji da shi, an dawo daga maƙabarta, sai dai ya zauna zaman makoki.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, kuma ta Jibiya zai bi. Ina murna da shi ƙwarai. Abin da nake so hukumomin ƙasashen biyu su faɗa mana tun yanzu shi ne minti nawa jirgin zai tsaya a bakin iyaka, da kuma takardar da za a nema a hannun tsohuwar da za ta je suna Madarunfa.