Kada Mu Huda Jirgin Da Muke Ciki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan uwa Musulmi, Imam Bukhari ya ruwaito misalin da Manzon Allah (SAW) ya buga na mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka ce bari su huda ɓangarensu su ɗebi ruwa. In an ƙyale su, kowa ya nutse. In an riƙe hannunsu, kowa ya tsira. To jama'a, iskar da muke shaƙa a Tudun Wada ita ma jirgi ɗaya ce. Ba ta san katangar gidan kowa ba.

A watan Yulin 2015, tukunyar sinadarin kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo a Jos. Mutum takwas suka rasu, aka kai sama da ɗari asibiti. A watan Mayun 2022, a unguwar Mundadu kusa da Sharada a Kano, 'yan gwangwan suka fasa wata tsohuwar tukunya don su sayar da ƙarfenta, iska mai guba ta bi unguwa, aka kwashi mutane da yawa zuwa asibiti. Kun ga, wannan ba labarin wata duniya ba ne. Da yawanmu daga Kano muka zo neman halak a Gombe, kuma cikinmu akwai masu saye da sayar da tsohon ƙarfe.

Saboda haka nasiharmu ta yau ita ce: tukunyar da ba mu san abin da ke cikinta ba, kada mu saya, kada mu yanka, kada mu kai wa mai walda, kada mu ajiye ta a tsakar gida. Tsatsa a jikinta ba ya nufin babu komai a ciki. Ribar ƙarfe nawa ce, Alhaji, da za a auna ta da huhun jaririn maƙwabci? In muka ga yaro ya turo irinta a baro, mu tsayar da shi, mu sanar da mai unguwa da 'yan kwana-kwana. Riƙe hannun ke nan da hadisin ya faɗa.

In kuma abin ya auku, Allah ya kiyaye, mu san abin yi. Kulorin yana da warin bilic mai ƙarfi, launinsa ɗorawa-ɗorawa da ɗan kore, kuma ya fi iska nauyi, shi ya sa yake kwanciya a kwari da kwalbati. Mu hau tudu, mu nufi wajen da iska take fitowa, ba inda take tafiya ba. Mu rufe hanci da jiƙaƙƙen tsumma, mu fara fitar da yara da tsofaffi da masu asma. Kada mu tsaya kallo ko ɗaukar hoto. Wanda ya shaƙa, a cire masa tufafin, a wanke ido da jiki da ruwa mai yawa, a garzaya da shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Manja da madara ba sa wanke huhu. Ko ya ce ya ji sauƙi a kai shi, don ruwa na iya taruwa a huhu bayan sa'o'i.

Iyayenmu mata, a kula: haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid yana fitar da wannan iskar a cikin banɗaki.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, kuma an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Sakacin da ya cuci maƙwabci, sai an tambaye mu a kansa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.