ASHAR DA ZUCIYA BA TA AIKO BA

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Saboda haka a ƙasar Zuru, ko da Hausa ko da harshen C'lela, yaron da ya zagi babba ba shi kaɗai ya kan sha kunya ba, har da gidan da ya fito. Wannan daidai ne. Amma ga tambayar da za mu duba a wannan wata. In ashar ta fito daga bakin mutum ba da nufinsa ba, yana ƙinta, yana kokawa da ita, ta fi ƙarfinsa, laifin yana wuyan wa?

Kada wani ya ce babu irin wannan. Akwai wani ciwo wanda likitoci su ke kira ciwon Turet, da sunan wani likitan Faransa, Gilles de la Tourette, wanda ya rubuta labarin mutum 9 masu ciwon a birnin Paris a 1885. Ciwon ya kan fara tun mutum yana yaro, ya fi kama maza kuma. Yaron ya kan riƙa ƙifta ido, ko fizgar wuya, ko ɗaga kafaɗa, ko gyaran murya, ko yin wani ƙara, ba dalili. Da yawansu su kan sami sauƙi sa'ad da sun girma. Cikin masu ciwon kuwa, wajen ɗaya cikin goma ne kaɗai ashar ta kan kuɓuce masu. Tushen abin yana cikin ƙwaƙwalwa, a wurin da ke tsare motsin jiki don kada ya fita sai an so. Ya kan bi jini a dangi. Ba a ɗaukarsa wurin cin abinci tare, ba ya kuwa rage hankali.

Manomi zai gane wannan da sauri. Ran sussukar dawa, in ƙaiƙayi ya shiga hancinka, kana iya danne atishawa kaɗan, amma tilas ta fito. Haka masu ciwon su ke faɗi: su kan ji abin yana taruwa, su danne har su gaji, sa'an nan ya ɓalle. Abin tausayi shi ne, kalmar da mutum ya fi tsoron faɗi a wurin, sau da yawa ita ce ta kan fito. Har an ga kurame masu ciwon waɗanda ashar ta kan fito masu ta maganar hannu.

To, mene ne ya kan mai da magana zunubi? Ƙarar da kunne ya ji, ko nufin da ya aiko ta? Shari'ar Musa ta raba tsakanin wanda ya kashe mutum da gangan da wanda tsautsayi ya bi ta hannunsa, har aka keɓe birane shida inda na biyun zai gudu ya tsira. A duba Littafin Ƙidaya sura 35. Gawa ɗaya ce, amma hukunci biyu ne, gama Allah yana auna nufi. In haka ne a kan jini, balle a kan magana. Ku tuna kuma da Yahuza. Da gaisuwa mai daɗi da sumba ya ba da Ubangijinsa. Ba wanda ya taɓa wanke shi don bakinsa ya yi ladabi. In baki mai daɗi bai wanke muguwar zuciya ba, ƙaƙa bakin da ciwo ya fizga zai ƙazantar da zuciya mai gaskiya?

Wani zai ce, ai Ubangiji Yesu ya koyar cikin Matta sura 15 cewa zuciya ce mafarin abin da baki ke fitarwa. Gaskiya ne, koyarwar nan kuwa ita ce ta ke kāre mai ciwon. Ubangiji ya ɗauke idonmu daga abin waje ya kai shi ga zuciya. Maganar da zuciya ba ta aiko ba, ɗan aike ne na ƙarya. Eli firist ya ga leɓunan Hannatu suna motsi, ya ce ta bugu ne, ashe addu'a ta ke yi. Wanda ya yi hukunci da leɓe kaɗai ya bi sawun Eli.

Amma akwai wani gefe wanda bai kamata mu tsallake ba, watau wanda maganar ta faɗa a kansa. Akwai wani mutumin Sikotland mai suna John Davidson, wanda gidan BBC ya nuna labarin ciwonsa a 1989 sa'ad da ya ke saurayi. A 2019 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma saboda wahalar da ya sha wajen fahimtar da jama'a. A watan Fabrairu 2026 kuwa, a wani babban taron ba da kyautar sinima a London, muguwar kalmar nan ta wulakanta baƙar fata ta kuɓuce masa, ga 'yan wasa biyu baƙaƙe, Michael B. Jordan da Delroy Lindo, tsaye a gaban jama'a. Mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce abin da ke ransa ne ya fito. Waɗansu suka ce tun da ciwo ne, ba wanda ya isa ya ji zafi. Dukansu sun kauce. Dutsen da ya gangaro daga tudu ba shi da ƙiyayya, amma ƙafar da ya faɗa wa tana jini. Mai ciwon ba shi da laifin da zai tuba, amma ya kyautu ya nuna baƙin cikinsa. Wanda ya ji zafi kuma a lallashe shi, kada a ce masa ya yi shiru kawai.

Wani kuma zai ce, ai marasa kunya za su fake da wannan. Ba wuya a rarrabe. Mai zagi da gangan ya kan zaɓi wanda zai zaga, ya ji daɗi bayan ya gama. Mai ciwo ya kan yi ko yana shi kaɗai a gona, shekara da shekaru, kunya kuma tana cinsa. Ba mai sayen duka da kora da tsada haka.

Yanzu fa, ya ku 'yan'uwa, me za mu yi? A garuruwanmu, daga Dabai har Ribah, in an ga yaro yana fizge-fizge a kan yi saurin cewa iskoki ne, ko sammu, ko rashin kwaɓa. Rashin sani ya fi dare duhu. Iyaye, ku ajiye bulala, gama tsoro da tsawa su kan ƙara ciwon. Ku kai yaron ga likita. In ya aike ku asibitin koyarwa na Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Akwai magani da horo masu rage abin, ko da ba su kawar da shi ɗungum ba. Malamai, kada ku kore shi daga aji. Dattawan ekklesiya, ku bayyana wa jama'a sau ɗaya a fili, da yardarsa, sa'an nan ku bar shi ya zauna inda ya ke so. Kada ku hana shi Jibin Ubangiji saboda abin da bai nufa ba.

Mu kuma da Allah ya ba mu linzamin harshenmu, mu binciki kanmu. Zagi nawa mu ka yi wa 'ya'yanmu a makon nan da cikakken hankali? Tsegumi nawa mu ka yi a bakin ƙofar majami'a da murya mai laushi? Wancan yana kokawa da harshensa dukan yini, ya faɗi. Mu ko kokawar ba mu yi ba. A ranar shari'a za a tambayi kowa abin da ya yi da ikon da aka ba shi. Allah ya ba mu kunnen da ke jiran zuciya kafin ya yanke hukunci. Amin.